Satar Yara da Safararsu: Doka Muna da Ita, Wa Zai Bi Sawu Har Ƙarshe?

Duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu ya san muryar nan ta bayan magariba. Liman ya sallame kenan, mutane ko tasbihi ba su gama ba, sai ka ji an ɗan bubbuga lasifika: "Salamu alaikum jama'a, ana cigiyar wani yaro ɗan shekara uku, yana sanye da jar riga ba takalmi, duk wanda Allah ya sa ya gan shi ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa." Lokacin da muke yara wannan sanarwar ko a jikinmu, don mun san kafin a kira isha za a tsinto shi a bayan layi ya yi barci a gindin teburin mai shayi. Yanzu kuwa wallahi in na ji ta sai gabana ya faɗi, sai na shiga gida na ƙirga nawa tukuna hankalina yake kwanciya.

Bara waccan abun ya faɗo gidan maƙocina. Yaronsa ɗan shekara huɗu ya bi yayyensa islamiyya, aka taso kowa ya dawo ban da shi, yayyen sun ɗauka ya riga su zuwa gida, uwar kuma ta ɗauka yana tare da su. Kafin a farga rana ta faɗi. Ni na goya uban a babur ɗina muka nufi caji ofis, a hanya ba abun da yake maimaitawa sai innalillahi, ina jin hannunsa yana rawa a kafaɗata. Muka samu jami'in da ke kan kanta, ya saurare mu ba laifi, sai ya ce mana, "Malam ku je ku ƙara dubawa, yara ne, in ya kai awa 24 ba a gan shi ba ku dawo a buɗe fayil." Wani a gefe ya ce in muna so a zaga da mota to sai dai a sa mai, don tankin ba komai. Bawan Allah nan ya laluba aljihu, naira dubu uku ce gare shi. Abun da ya fi tsaya min a rai shi ne babu wanda ya ce mu nuna hoton yaron, alhali hoton yana cikin wayar uban, a kan fuskar wayar ma yake.

Allah ya rufa asiri, wajen sha ɗayan dare aka kira mu, wata mai awara ce ta tsince shi yana kuka ta kai shi gidan mai unguwarsu. Alhamdulillahi. Amma a daren nan ban yi barci ba ina lissafi. Awa 24 fa aka ce. Motar dare da ta tashi daga Kano da yamma, washegari tana Onitsha. Wanda ya bi ta Daura kuwa cikin 'yan awoyi ya wuce Kongolam, kafin asuba yana Damagaram. Ashe awa 24 ɗin nan da ake ce wa uba ya jira, ita ce daidai lokacin da ɓarawon yaro yake buƙata ya gama aikinsa. Kuma babu wata doka a ƙasar nan da ta ce sai an kwana an yini kafin a karɓi rahoton ɓatan yaro, al'ada ce kawai ta samu gindin zama.

Ba tsoron banza nake ba, mutanen Kano shaida ne. A watan Oktoba na 2019 rundunar 'yan sandan jihar, lokacin kwamishina Ahmed Iliyasu, ta fito da yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Yankaba da Sauna da Kawo da Dakata da Hotoro, aka gano su a Onitsha ta jihar Anambra, an sayar da su kamar awaki. An canza musu suna, an canza musu addini, wasu tun wajen 2014 rabonsu da gida, har Hausar ta gudu daga bakinsu. Ka tsaya ka yi tunanin uwar da ta shekara biyar tana kuka, ranar da aka kawo mata ɗanta ta rungume shi tana kiran sunan da ta raɗa masa shi kuma yana kallonta kamar baƙuwa, sai an nemo tafinta tsakanin uwa da ɗa. Gwamnatin Ganduje ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Wada Umar Rano, iyaye suka yi ta tururuwa da hotunan nasu yaran da ba a gani ba, nan aka gane tara ɗin nan somin taɓi ne. Jagoran ɓarayin, Paul Owne, ya amsa laifinsa, a watan Yulin 2021 babbar kotun Kano ta yanke masa ɗaurin shekara 104. Sauran da suka musanta, shari'arsu ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, yau a ɗage gobe a ɗage, iyaye suna biyan kuɗin adaidaita zuwa kotu suna dawowa hannu rabbana.

Dole a yaba wa 'yan sandan da suka yi wancan aikin, sun bi sawu har wata jiha sun dawo da yara, wannan ya nuna in an so za a iya. Amma ku tuna yadda asirin ya tonu, an kama mutumin ne yana ƙoƙarin ficewa da wani yaron kuma. Ma'ana shekara biyar suna shiga suna fita da 'ya'yan mutane, ta tasha, ta kan titin da ke cike da shingayen bincike, babu wanda ya taɓa tsayar da su ya ce wannan yaron da ke ta kuka da Hausa ke kuma ba kya jin Hausa ina kika samo shi. Shingen da in ka ɗauko buhun shinkafa 'yar waje sai an sauke ka.

To abun da nake son mu gane, matsalarmu ba rashin doka ba ce. Tun 2003 Najeriya ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, tana cikin ƙasashen farko a Afirka da suka yi hukuma sukutum don wannan aikin kaɗai. A 2015 aka sake dokar aka ƙara mata haƙora, wanda ya sayi mutum ko ya sayar, ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba da tarar da ba ta gaza naira miliyan 2 ba, aka kuma toshe ƙofar nan ta a ce mutum ya biya tara kawai ya koma gida. Akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ita ma ta 2003, Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023 bayan doguwar muhawara. A takarda kam mun ƙoshi. Amma a 2022 hukuncin da NAPTIP ta samu a kotuna guda 80 ne, kuma shi ne mafi yawa da ta taɓa samu a shekara guda zuwa lokacin. Tamanin, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Ba raina ƙoƙarinsu nake ba, na san suna aiki da ɗan abun da aka ba su, amma duk mai safarar da ya ji wannan adadin ya san kasuwarsa ba ta cikin haɗari.

Shi ya sa in na ji ana cewa za a ƙarfafa jami'an tsaro sai na ce a ina? Don mu abun da muka saba gani shi ne a sayo sababbin Hilux a jera a gidan gwamnati a yanka kyalle, ko a yi taron bita na kwana biyu a otal a raba jaka da biro. Ni ƙarfafawar da nake nufi tana farawa ne daga kantar nan da muka tsaya ni da maƙocina. A ce doka ce, rubutacciya, an manna ta a bango da Hausa da ajami ma in ta kama, cewa duk wanda ya kawo rahoton ɓatan yaro a take za a rubuta, ba kuɗin fayil ba kuɗin mai, a karɓi hoto a tura wa kowane caji ofis da kowane shinge da shugabannin tasha cikin awa ɗaya, DPO da aka samu ofishinsa ya kori uba ya amsa tambaya. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi, WhatsApp ɗin da muke tura gaisuwar Juma'a da shi ya isa. 'Yan kamasho da direbobin tasha sun fi kowa ido, sun san fasinjan da bai kwanta musu a rai ba, amma wa ya taɓa zaunar da su ya ba su lambar da za su kira a ɗauka? A 2022 kamfanin Meta da NAPTIP sun ƙaddamar da tsarin da ke aika sanarwar yaron da aka sace kai tsaye zuwa Facebook da Instagram na mutanen da ke kusa da wurin. Na tambayi mutanen majalisarmu kaf, babu wanda ya taɓa jin labarinsa. Kuma sanarwar ba za ta fita ba sai an fara karɓar rahoton, ka ga mun sake dawowa kan kanta.

Ba na kuma manta cewa shi kansa ɗan sandan abun tausayi ne. 'Yan sandan ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai dubu 400 ba, da yawansu kuma suna bayan manya suna riƙe musu jaka da ƙofar mota. Mai binciken da aka ce ya bi kes daga Kano zuwa Anambra ko Delta, wa zai biya masa mota da masauki? In ba a ware masa ba to a aljihun mai ƙara zai nema, mai ƙara kuma lebura ne ko ɗan tireda. A nan kes yake mutuwa, ba a kotu ba.

Sai maganar mai saye. Hausawa sun ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Babu wanda zai saci yaro ɗan shekara biyu ya yi doguwar tafiya da shi in ba akwai mai jira da kuɗi a hannu ba. Amma kullum wanda ake nuna mana a talabijin yana tsugune gaban tambarin 'yan sanda shi ne ɗan aiken, ita uwar ɗakin da ta yi oda, da gidan marayun bogin da ya ajiye yaron, da ma'aikacin da ya buga takardar riƙo ta ƙarya, da asibitin da ya rubuta cewa matar nan ita ta haifa, su sai ka ji shiru. Ya kamata duk gidan marayu a ƙasar nan, kudu da arewa, ya iya nuna inda kowane yaro ya fito, in an samu shakka a yi gwajin jini na DNA da kuɗin gwamnati a gwada da iyayen da ke cigiya. Mu kuma iyaye mu daina wasa da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, yaron da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba shi ya fi sauƙin a mayar da shi wani.

A nan ina so na roƙi 'yan uwana abu biyu. Kada mu mayar da wannan magana faɗan ƙabila, don baƙo ba ya sanin layin da yara ke bi in an taso islamiyya sai da ɗan gari, kuma akwai iyaye a kudu da su ma aka sace nasu suna kuka irin namu. Sannan ɗaukar doka a hannu, a ji an yi ihun "ɓarauniyar yara" a taru da duwatsu da taya, wallahi asara biyu ce. In ba ta da laifi, wataƙila mai taɓin hankali ce ko baƙuwa da ta ɓata hanya, an ɗauki alhakin rai. In kuma da gaske ɓarauniyar ce, to an binne ta tare da adireshin duk yaran da ta riga ta sayar. Na san rashin yarda da hukuma ne ke jawo hakan, mutane suna ganin in an kai ta gobe za a ba da beli a kashe magana. Maganinsa shi ne a ga hukunci da ido kuma da wuri. Kuma ana iyawa, yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, an kama shi a Janairun 2022, zuwa ƙarshen Yuli an yanke masa hukuncin kisa. Wata shida. Saboda duk ƙasa ta zuba ido. Me zai hana a ware alƙalai da lauyoyin gwamnati da aikinsu kenan, ko ƙasa ta zuba ido ko ba ta zuba ba?

Iyakarmu da Nijar kusan kilomita 1,500 ce, kuma duk ɗan Maigatari ko Jibiya ko Illela ya san ɓarauniyar hanya ta fi ta gaskiya yawa. Ta nan 'yan matanmu ke bi zuwa Agadas su faɗa Libiya, wasu kuma ejan ya yi musu fasfo da biza da sunan aikatau a ƙasashen Larabawa, suna sauka a karɓe fasfon a ce sai sun biya bashin da ba ya ƙarewa. Ban manta Oktoban 2013 ba, da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa 'yan uwanmu, ana tafiya da yaran ne don bara. Nijar ta yi doka a 2015 kan masu fasa-ƙwaurin baƙin haure, mutanen Agadas suka yi ta kukan ta kashe musu sana'a kuma don Turai aka yi ta, gwamnatin Janar Tiani ta soke ta a Nuwamban 2023. Kowa da hujjarsa a kan wannan. Amma jigilar babban mutum da ya zaɓi tafiya da kansa daban, kwasar yara ƙanana daban, kuma duk tsamin da ke tsakanin Abuja da Yamai bai kamata ya hana jami'in Daura ɗaga waya ya kira na Matamaye ba in yaro ya ɓata.

Yanzu bari na zo inda ya fi min nauyi, don laifi tudu ne. Dokar nan ta 2015 da muke so a ɗaure ɓarayin yara da ita, a cikinta akwai sashen da ya ce duk wanda ya ɗauki yaro ko yarinya da ba su kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya kawo su, ko ya ajiye su, ɗauri ne daga wata 6 har zuwa shekara 7. Ku sake karantawa. Sannan kowa ya leƙa kicin ɗin gidansu.

A gidan wata gwaggona na ga yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba. Da asuba in na fito masallaci lokacin sanyin nan na hunturu tana tsugune bakin rijiya da tulin kwanukan daren jiya, hannunta duk ya yi kaushi ya tsage, tana gamawa ta share tsakar gida ta yi wa 'ya'yan gidan wanka, waɗanda wasunsu sun girme ta, ta ɗaukar musu kwandon abinci ta raka su bakin titi su hau motar makaranta ita ta juyo. A ƙasan tabarma take kwana a ɗakin ajiya. Ƙarshen wata ba ita ake ba kuɗin ba, wata dillaliya ce ke zuwa da mayafinta ta zauna a sha hira ta karɓa, ta cire nata ta ce za ta aika wa uwar a ƙauye ana tara mata na kayan ɗaki. Matar nan yara nawa ta raba a gidajen birni, ita kaɗai ta sani. Na yi wa gwaggo magana sau ɗaya, ta ce, "Haba ɗan nan, ai taimako ne, a garinsu ko abincin kirki ba sa samu, nan kuwa tana ci tana ƙoshi." Na yi shiru don girmanta, kuma har yau shirun nan yana damuna.

A gaya min, wadda ta je ƙauye ta kwaso 'ya'yan talakawa a mota ta rarraba su gidaje tana karɓar kuɗin guminsu, meye sunan sana'arta in ba safara ba? Bambancinta da na Onitsha shi ne ita uwa ce ta miƙa mata da hannunta saboda talauci, kuma yarenmu ɗaya. In aka ƙona yarinyar da ruwan zafi ko maigida ko ɗansa ya lalata ta, sai manya su shiga a ce a yi sulhu a rufa asiri, a ba uban 'yan kuɗi a mayar da ita ƙauye da ciki ko da tabo. Haka muka yi da gidajen mari, kowa a unguwa ya san abun da ake yi a ciki, sai da 'yan sanda suka fasa na Rigasa a Kaduna a Satumban 2019 suka fito da mutum sama da 300, da yara a cikinsu, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, sannan muka fara salati. Haka yaron da aka sauke a tasha da ɗan kwano da allo yana shekara biyar, uban bai sake waiwayarsa ba, wanda in ya ɓata yau babu ma mai zuwa masallaci ya yi cigiyarsa. Neman ilimin Alƙur'ani daraja ce, ba shi nake zargi ba, amma yaron da ba mai ƙirga shi da daddare shi ne ganimar mai safara.

Don haka in muna kiran a ƙarfafa NAPTIP da 'yan sanda da jami'an shige da fice, mu sani cewa hukumar da ta yi ƙarfin da za ta bi yaronmu har Onitsha, ita ce dai za ta ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya ta tambayi shekarun 'yar aikinta, kuma ranar da ta yi hakan bai kamata mu fara kiran ɗan majalisa ko wani mai sarauta a ce a saki ba. Ni na yarda da wannan cinikin. Ina so Hisbah da masu unguwanni da limamai su shigo ciki, don su ake jin maganarsu, mai unguwa ya san gidan da aka kawo sabuwar yarinya kafin kowa ya sani. Ina so NAPTIP ta fito daga manyan birane ta samu ko da tebur ɗaya ne a sakatariyar ƙananan hukumomin da ake kwaso yaran, ta riƙa magana a rediyo da Hausa kullum ba sai ranar bikin shekara ba. In an karɓo yarinya kuma a san inda za a kai ta da makarantar da za a sa ta, don in aka mayar da ita gidan da yunwa ta koro ta, wata biyu dillaliya ta sake ɗauko ta.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaishe da gwaggo, ban ga yarinyar ba. Na tambaya aka ce ta fara girma ta fara rashin ji an mayar da ita, wai ma an kusa yi mata aure. Muna cikin gaisawa sai ga wata ta shigo da tire ta durƙusa ta ajiye min ruwa, hijabin da ke jikinta har yana jan ƙasa don ya yi mata yawa. Na ce yarinya ya sunanki, shekararki nawa? Ta faɗi sunan a hankali, shekarun kuwa ta kalli gwaggo tana jiran ta amsa mata.